Da Wane Ido Ake Saiti? Tarihin Wata Gardama a Wasan Sinuka



Yau Ingila za mu leƙa, mu tsaya a bakin teburin sinuka, mu bi tarihin wata tambaya da aka kusa shekara ɗari ana ja a kanta: idan ɗan wasa ya sunkuya kan tebur da sanda a hannu, da wane ido yake saiti? Wani zai ce ai da ido biyu ake kallo. To kafin mu shiga labarin, ku yi wannan ɗan gwajin daga inda kuke zaune. Ku miƙa hannu, ku ɗaga yatsa ɗaya, ku daidaita shi da wani abu mai ɗan nisa, kamar makunnin fitila a bango, idanunku duka a buɗe. Sai ku rufe idon hagu. Ku buɗe shi, ku rufe na dama. A ɗaya daga cikin biyun yatsan zai tsaya cak a kan makunnin, a ɗayan kuwa zai yi tsalle gefe. Idon da yake buɗe lokacin da yatsan bai motsa ba, shi ƙwaƙwalwarku ta zaɓa don wannan saitin ba tare da ta yi shawara da ku ba. Shi za mu riƙa kira ido mai rinjaye.

Gwajin nan tsoho ne. Wani masani ɗan Italiya, Giambattista della Porta, mutumin Napoli, ya bayyana shi a littafinsa kan haske da gani a shekarar 1593. Shi da sanda ya yi nasa, ya daidaita ta da wata tsaga a bango. Abin da ya gani gaskiya ne, sai dai ya yi gaggawar yanke hukunci, domin ya ɗauka ɗan Adam da idon dama yake gani kamar yadda yake aiki da hannun dama. Da aka zo aka gwada mutane masu yawa daga baya, sai aka tarar kimanin biyu cikin uku ne idon damansu ke rinjaye, sauran galibi na hagu ne, alhali masu aiki da hannun dama sun kai tara cikin goma. Ke nan akwai ɗimbin mutanen da hannunsu na dama ne, idonsu na hagu. Dalilin yana cikin yadda aka shirya jijiyoyi: hannun dama ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya shi, amma kowane ido yana aika saƙonsa zuwa ɓangarorin biyu, don haka babu abin da ya tilasta wa ido bin hannu. Kuma ba lallai ne ido mai rinjaye ya zama wanda ya fi gani tangaran ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sinuka kuwa a Indiya aka haife ta, a garin Jabalpur, wajajen 1875, a ɗakin hutawar hafsoshin sojan Birtaniya. Ana jingina ta ga wani matashin hafsa mai suna Neville Chamberlain, wanda ba shi ne firaministan nan na lokacin Hitler ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Kalmar kanta laƙabi ne da ake tsokanar ɗaliban shekarar farko da shi a makarantar soja ta Woolwich, kamar dai mu ce ɗan koyo. A nan sai mu yi wata 'yar gyara: wasan da matasa ke bugawa a rumfunan unguwanninmu, mai ƙwallaye masu lamba a kan ƙaramin tebur, wanda duk muke kira sinuka, ɗan uwanta ne na Amurka. Sinukar da muke magana a kanta teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, ƙwallaye 22: jajaye 15, masu wasu launuka 6, sai fara ɗaya da ake dukanta da sanda don ta tura saura cikin rami.

Kafin sinuka ta yi suna, biliyad ce sarauniya a Ingila. Ita ƙwallaye uku ne kawai, kuma gwanayenta sun fi tara maki da ƙananan bugu a kusa-kusa. Idan kuka duba tsofaffin hotunan 'yan biliyad za ku ga suna tsaye ne kusan a miƙe, kai can sama da sanda. Mai kallon tebur daga sama haka, bambancin idon dama da na hagu bai cika damunsa ba. Matsalar ta taso ne ranar da wani ya sauko da kansa ƙasa.

Wannan mutumin shi ne Joe Davis. An haife shi a 1901 a yankin Derbyshire, ɗan mai haƙar kwal ne da ya koma riƙe gidan shaye-shaye mai teburin biliyad, kuma a can yaron ya fara riƙe sanda. Ya yi zakaran biliyad, amma ya hango cewa jama'a sun fi son kallon sinuka. Yana cikin waɗanda suka matsa aka kafa gasar duniya ta ƙwararru, ya lashe ta farko a 1927 a Birmingham, ya karɓi fam 6 da sule 10. Daga nan bai sake sakinta ba. Ya ci sau 14 a jere zuwa 1940, yaƙin duniya ya tsayar da gasar, da aka dawo a 1946 ya ci ta 15, sannan ya janye ba tare da an taɓa doke shi a cikinta ba. A 1955 kuma shi ya fara tara maki 147, mafi yawan da ake iya samu a shiga ɗaya, wanda aka amince da shi a hukumance.

Joe ya fahimci cewa sinuka wasan dogon harbi ce. Saboda haka ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa sanda, ya miƙe hannun hagu a kan tebur, yana kallon tsawon sandar kamar yadda maharbi ke kallon bakin bindiga. Sai dai maharbi yana kanne ido ɗaya. Ɗan sinuka ba ya kannewa, domin yana buƙatar ido biyu don auna nisa da ƙarfin bugu. Kuma sandar a ƙarƙashin fuska take, ba a gaban ido ba. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idon babban mutum tana kai kimanin milimita 63, ita kuwa ƙwallon sinuka faɗinta milimita 52.5 ne. Wato ratar da ke tsakanin idanunku ta fi ƙwallon da kuke son duka faɗi. Idon dama yana ganin sandar ta karkata hagu, na hagu yana ganin ta karkata dama, ƙwaƙwalwa ce ke sasanta su ta ba ku layi guda.

Bari mu ɗan yi lissafi, irin na kusurwa da aka koya mana a sakandare, don a ga girman abin. A ce farar ƙwallo ta doki ja, amma ta kauce wa tsakiyarta da milimita ɗaya tak. Jar za ta tashi da karkatar da ta ɗan haura digiri ɗaya. Idan ramin yana nesa da mita ɗaya da rabi, kafin ta isa ta kauce da kusan santimita 3. Kuskuren milimita biyu kuwa ya zama kusan santimita 6, ya fi faɗin ƙwallon kanta. Akwai kuma ɓarna ta biyu. Idan kan ɗan wasa bai zauna inda ya dace ba, zai ga bakin sandarsa a tsakiyar farar ƙwallo alhali yana ɗan gefe. Dukan gefe yana sa ƙwallo ta tafi tana juyi, ta fara kaucewa zuwa ɗaya ɓangaren tun daga tashi. Abin da ya fi ciwo shi ne mutumin ba zai taɓa ganin laifin ba, tunda idon da zai duba da shi ne ya yaudare shi. Zai zargi hannu, ya zargi sanda, ya zargi tebur, ya ƙara awanni yana atisaye, yana ƙara kafa kuskuren a jikinsa. Wanda sana'arsa ke nan, kuɗin hayarsa yana rataye a kan wannan milimitar.

To shi Joe Davis wannan rigimar ba ta shafe shi ba, saboda wani dalili da bai zaɓa ba. Idonsa na dama mai rauni ne, ba ya iya tsayar da gani da shi sosai. Don haka sandarsa a gefen hagu na haɓa take wucewa, ƙarƙashin idon hagu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, shi nasa guda ɗaya ya ishe shi awo. Tsayuwar tasa ma, da yake ba tebur gefen jiki kamar ɗan dambe, ta dace da hakan, domin mai buga da hannun dama idan ya juya jikinsa haka, idon hagu ne ke zuwa gaba, a kan sanda.

A 1949 ya fitar da littafinsa How I Play Snooker, wanda ya zama abin da kowane mai koyo ke tashi da shi. Shahararren misali shi ne Steve Davis, wanda ba su da dangantaka da Joe sai suna. Shi da mahaifinsa Bill sun bi littafin nan shafi-shafi suna gina wasansa, har ya ci kambun duniya sau shida tsakanin 1981 da 1989. Amma koyarwar da ta yaɗu a kulob-kulob ta taƙaita al'amarin zuwa doka mai sauƙin haddacewa: haɓa a kan sanda, sanda a tsakiyar haɓa, daidai ƙarƙashin hanci. Dokar tana da ma'ana a ido, tunda fuska a daidaice take, kuma ta yi wa mutane da yawa aiki. Abin dariyar kawai shi ne mutumin da ya fara kawo haɓa kan sanda bai taɓa wasa haka ba. An ɗauki tsayuwar da aka gina don mai idon hagu, an haɗa ta da sanda a tsakiya, an ce wa kowa ga hanya.

Talabijin ce ta fara tona asirin. A 1969 tashar BBC ta biyu, lokacin David Attenborough na shugabantarta, ta ƙirƙiro shirin Pot Black don nuna wa mutane daɗin talabijin mai launi. Kyamara ta riƙa kallon 'yan wasa ta gaba, fuska da sanda a fili. A cikin waɗanda ta nuna akwai Graham Miles, mutumin Birmingham, wanda idon hagunsa ya yi rinjaye sosai, har sandarsa ba ƙarƙashin haɓa take bi ba, sai ta gefen fuska, wajen kunnen hagu. Duk wani malamin kulob da ya ga yaro yana haka zai gyara masa tsayuwa a ranar farko. Amma Miles ya lashe Pot Black a 1974 da 1975, ya kuma kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 1974, inda Ray Reardon ya doke shi 22 da 12. Gani ya kori ji.

Wanda ya fito ya ƙalubalanci tsohuwar koyarwa da baki shi ne Frank Callan, tsohon mai sayar da kifi daga garin Fleetwood, wanda ya koma horar da ƙwararru. Matsayinsa shi ne abin da ya dace da jikin Joe da idon Joe ba dole ne ya dace da kowa ba. An saurare shi ne saboda aikinsa ya yi magana. Doug Mountjoy, ɗan yankin Wales, tauraruwarsa ta dusashe, ya je wurin Callan ya sake gina bugunsa, sai ga shi yana da shekara 46 ya lashe gasar Birtaniya ta 1988, ya doke Stephen Hendry 16 da 12 a wasan ƙarshe. Daga wannan zamanin maganar ido mai rinjaye ta zauna daram a bakin masu horarwa.

A nan za mu ɗan ratse, don saukowar haɓa kan sanda ta haifar da wata matsalar ido ta daban. Mai sa tabarau idan ya sunkuya haka, ta saman gilashin yake leƙe, wato inda babu magani. Ƙanin Joe, Fred Davis, ba ya hangen nesa. A 1937 ya sha kashi a wasansa na farko a gasar duniya a hannun Bill Withers, abin da ya fusata yayansa. Sai aka ƙera masa tabarau mai lanƙwasa, wanda gilasansa ke karkatawa su bi layin kallo. Bayan shekara uku ya kai wasan ƙarshe, Joe ya sha da ƙyar 37 da 36, daga baya kuma Fred ya tara kambun duniya takwas. Shi kuwa Dennis Taylor, ɗan Ireland ta Arewa, Jack Karnehm ne ya yi masa nasa, mai sharhin wasa wanda ya taɓa koyon sana'ar tabarau. Manya ne da suka haura har goshi, kamar an sa su a kife. An yi ta masa dariya. Da su ya fito wasan ƙarshe na 1985 a zauren Crucible da ke Sheffield, Steve Davis ya ci zagaye takwas na farko, Taylor ya biyo shi har 17 da 17, aka kai ga baƙar ƙwallo ta ƙarshe bayan sha biyun dare, mutum miliyan 18.5 na kallo. Davis ya kuskure wadda ya saba jefawa, mai tabarau ya jefa.

Mu koma kan hanya. Da maganar ido mai rinjaye ta samu karɓuwa, sai ita ma ta zama doka mai sauƙin haddacewa: yi gwajin yatsa, gano idonka, sa sanda a ƙarƙashinsa. A ganinmu wannan ta biyun ta fi ta farkon haɗari, domin tana zuwa da rigar kimiyya. Gwajin yatsa tilasta wa ƙwaƙwalwa yake yi ta zaɓi ɗaya, dama ko hagu, babu tsakiya. Bai faɗi ƙarfin rinjayen ba. Mutumin da idonsa ɗaya ya ɗan ɗara kaɗan da wanda yake kamar Graham Miles duk amsa ɗaya za su samu. Shi kansa Joe ma ba rinjaye irin na kowa ba ne nasa, rauni ne a ido guda. Har wa yau, wani bincike da Aarlenne Khan da Douglas Crawford suka wallafa a 2001 a Kanada ya nuna rinjayen yana iya sauya ido idan mutum ya karkata kallonsa gefe: abin da ke can dama idon dama ya karɓe shi, na can hagu idon hagu.

Amsar da ta fi ƙarfi ta daɗe a ajiye tun kafin a san sinuka. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rayu a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir a farkon ƙarni na 11, kuma a ciki ya binciki yadda ido biyu ke ba da gani ɗaya. Ya yi amfani da wani ɗan allo mai gurbin hanci a bakinsa, ya ja layuka a kai, ya jera 'yan ginshiƙan kakin zuma masu launi, yana duba inda abu ke bayyana ɗaya da inda yake rabuwa biyu. A ƙarni na 19 masanin Jamus Ewald Hering ya fayyace ƙa'idar: muna jin alƙiblar abubuwa ne kamar daga wani ido guda da ke tsakanin idanunmu biyu, idon da babu shi a fuska, ƙwaƙwalwa ce ta ƙaga shi. Gwaje-gwajen baya sun nuna wannan wurin ba a tsakiyar hanci yake ga kowa ba. Ga wasu yana nan tsakiya, ga wasu ya ɗan gusa wajen ido mai rinjaye, ga 'yan kaɗan ya koma can gaba ɗaya. Idan haka ne, Steve Davis mai sanda a tsakiya da Graham Miles mai sanda a kunne duk abu ɗaya suke yi, kowa ya sa sanda a ƙarƙashin inda layi miƙaƙƙe ke bayyana masa a miƙe.

Wanda ya mayar da wannan sana'a a zamaninmu shi ne Stephen Feeney, mai tsarin SightRight. Kayan aikinsa layi ne da aka zana a kan matakai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Idan mai kallo yana kan layinsa na gaskiya zai ga layin a haɗe, in ya goce sai ya gan shi a karye. Koyarwar ita ce ɗan wasa ya nemo layin tun yana tsaye a bayan ƙwallo, sannan ya sauka a kansa, ƙafa da kafaɗa su bi ido maimakon ido ya bi su. Stuart Bingham, wanda ya shafe shekaru ana ganinsa a matsayin matsakaicin ɗan wasa, yana aiki da Feeney lokacin da ya ci kambun duniya a 2015 yana da shekara 38.

Labarin da ya fi jan hankali shi ne na Mark Williams, bahagon nan ɗan Wales. Ya ci kambun duniya a 2000 da 2003, sannan abubuwa suka yi ta ja da baya. A 2017 ko gurbin shiga Crucible bai samu ba, har ya yi tunanin ajiye sanda. Ya je wurin Feeney, aka sake masa yadda yake hawa layi, mutumin da ya shafe sama da shekara ashirin yana cin abinci da idonsa. A watan Nuwamba na shekarar ya ci gasar Ireland ta Arewa, babbar gasarsa ta farko tun 2011. Ya ƙara da ta Jamus. A watan Mayun 2018 ya doke John Higgins 18 da 16, ya karɓi kambun duniya na uku yana da shekara 43, shekara 15 bayan na biyu, kuma ya ambaci Feeney a fili. Mu dai za mu ce a yi wa labarin adalci ta ɓangare biyu. SightRight haja ce da ake sayarwa, kuma mutumin da aka ba sabuwar hanya yakan dawo da sabon ƙwazo a atisaye da sabon yarda da kai, waɗanda su ma suna jefa ƙwallo a rami. Amma tushen abin, cewa mutum na iya kallon karkatacce ya rantse miƙaƙƙe ne, wannan ko da yatsa da makunnin fitila kun tabbatar da shi ɗazu.

Shekaru suka ci gaba da aikinsu a kan idon Williams. Zuwa 2025 yana ta faɗa wa 'yan jarida cewa ƙwallayen nesa dishi-dishi yake ganinsu, har yana maganar tiyatar ido. A haka, yana da shekara 50, ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya, mafi tsufan da ya taɓa kaiwa a Crucible. Zhao Xintong na ƙasar Sin ya doke shi 18 da 12, ya zama mutumin nahiyar Asiya na farko da ya ɗauki kofin nan da Joe Davis ya fara ɗagawa a 1927.